Shekarar da Shamuwa Ta Bar Sheƙarta

Bana ma shamuwa ta zo, ruwa bai zo ba. Tun kwanakin baya na ga guda biyu sun sauka a kan ƙarfen sabis ɗin da ke bayan gidanmu a nan Gaya, suna ta jido kirare suna jerawa a can ƙololuwa, sai ka ce bishiyoyin garin sun ƙare. To, kusan sun ƙare ɗin. Ina zaune a tsakar gida ina fifita da murfin kwano, zufa na bin bayana, na ce wa autana Nasiru ga shamuwa ta iso, ya kamata a shirya shuka. Ya duba wayarsa ya ce, "Hajiya, masu duba yanayi sun ce da saura. Kar a yi gaggawa." Na ce Allah ya yi maka albarka, kai da wayar taka. Ban yi masa musu ba. Ni na taɓa ganin shekarar da tsuntsuwar nan ta zo ruwa ya ƙi biyo ta.

Lokacin ina da ƙuruciyata, aurena bai daɗe ba, a wani ƙauye da ke gefen Gafasa. Gidan ba mu da yawa. Akwai Baba, wato surukina, da Inna matarsa, da maigidana wanda Baba ke kira Isiya, sai ni da 'yata ta fari da ba a daɗe da yaye ta ba. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mata, shi ya sa ake ce mata Uwani.

A ƙofar gidan akwai wata tsohuwar tsamiya, a kanta shamuwoyi ke sauka duk shekara. In daga nesa ka hango shamuwa za ka ce baƙa ce wuluk, amma ba haka ba ne. Bayanta da wuyanta ne baƙi, baƙin ma in rana ta doke shi sai ka ga yana sheƙi kore-kore. Cikinta fari fat. Fuskarta babu gashi, shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido kamar wadda ta sha kuka. Ƙafafu dogaye sirara, gwiwa ja, yatsu ja, sai dai ba kullum ake ganin jan ba, don ƙazamar in zafi ya dame ta a kan ƙafarta take kashi, sai su yi fari tas. Ba ta da wata muryar kirki. In ɗaya ya dawo sheƙa, sai dai su yi ta sunkuyar wa juna da kai suna kaɗa baki kaf-kaf-kaf. Tafiyarta kuwa a hankali ce, a ɗaga ƙafa, a yi tunani, a ajiye. Inna takan ce ita ko matar mai gari ba ta kai ta yanga ba.

Daga kudu suke zuwa a tsakiyar bazara, kuma ba sa yin sheƙa a daji, sai cikin mutane. Ba a jifan su, ba a cin su, ba a taɓa ƙwansu. In ruwa ya zauna sai ka gan su a fadama sun shiga har gwiwa suna tsintar kwaɗi, ko suna bin bayan mai noma suna cafke fara da tsutsar da fartanya ta tono, ko tsoro babu. Da kaka ta yi su taru su yi ta shawagi a sama, suna hawa suna hawa har ido ya gaji, shi ke nan sai baɗi.

Baba ba ya ƙirga wata in za a yi shuka, tsamiya yake kallo. Ranar da ya ga shamuwa ta gama sheƙa ta kwanta a kan ƙwai, to binne ya zo. Binne shi ne a zuba iri a busasshiyar ƙasa a rufe, ya jira ruwa a can. Wanda ya dace, geronsa ya riga na kowa tashi, ya riga kowa cin tumu.

Irin namu kuwa ba na kasuwa ba ne. Wani gero ne mai doguwar zangarniya, jikinta duk gashi, tsuntsu in ya sauka sai gashin ya tsokane masa ido ya tashi. Mai gashi ake ce masa. Baba ya gaje shi wajen ubansa, ubansa wajen nasa. Duk kaka da hannunsa yake zaɓen kawunan da suka fi kyau, ya ɗaure, ya rataye a ɗakinsa. Daminar da ta wuce kafin shekarar nan ba ta yi ba, tun sanyi bai gama fita ba muka ga gindin rumbu. Muka cinye ƙanzon da Inna ta tara, muka koma dusa da yaɗiya, awaki suka tafi kasuwar Ajingi ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan, damin irin nan yana rataye, ba wanda ya isa ya kalle shi sau biyu. Maƙwabta da Baba ya taɓa ɗiba wa sun daɗe da tuƙe nasu. Namu kaɗai ya rage a ƙauyen.

Shekarar nan shamuwa ba ta makara ba ko kaɗan. Ranar da Baba ya ga ta kwanta, ya shigo gida da fara'arsa, rabon da in ga haƙoransa har na manta. Ya ce, "A sauko da iri. Gobe binne."

Maigidana yana durƙushe yana gyara ƙotar fartanya. Bai ɗago ba ya ce, "Baba, duka?"

"Duka mana. Gonaki biyu ne fa."

"Da dai an raba. A binne rabi, a ajiye rabi, mu ga abin da sama za ta yi."

Baba ya ce, "Kai Isiya, tun ban kai ka ba nake bin tsuntsuwar nan, ba ta taɓa ba ni kunya ba. In ruwan farko ya wuce mu da rabin gona, da me za mu kai kaka? Ka leƙa rumbu kuwa?"

Ba wauta ya faɗa ba, ni ma a raina na ce gaskiyarsa. Ni da Inna muka sussuka irin, ƙamshinsa yana shiga hancina, hanjina na kuka. Ko ƙwayar da ta yi tsalle daga turmi sai mun bi ta mun tsince.

A gidanmu mata ba sa noma, amma ranar shuka kowa fita yake yi. Baba da maigidana suna gaba da sungumi suna sara, ni da Inna muna biye da ƙoƙuna, a zuba, a rufe da dunduniya, a zuba, a rufe. Ƙasa kamar an kwashe ta daga murhu. Kafin hantsi tafin ƙafata ya yi bororo, na yagi gefen tsohon zane na naɗe. Muka gama gonar bayan gida, muka koma ta jigawa wadda ke da ɗan nisa. Da muka dawo ɗakin Baba babu komai sai igiyar da ke lilo.

Ba a daɗe ba hadari ya haɗo daga gabas da la'asar, baƙi ƙirin, har muna kwashe shanya da gudu. Aka yi iska, aka yi rugugi, aka zubo ruwa kamar da gaske, sai ɗif ya ɗauke. Ƙauye ya ɗauki murna, ni har guɗa na yi. Baba ya fita bayan gida ya soka yatsa a ƙasa, ya zaro ya duba. Danshin bai wuce gaɓa biyu ba. Ya goge yatsan a rigarsa ya shige zaure. Daga baya Inna ta gaya mini wannan shi ne ruwan da mai binne yake tsoro, ya isa ya ta da iri, bai isa ya riƙe shi ba. Gonar jigawa kuwa ko ɗigo ba ta samu ba.

Gero ya fito a bayan gida, layi-layi, kore shar, abin sha'awa. Wayyo Allah. Da asuba ka gan shi a miƙe, da hantsi ya sunkuya, da azahar ya kwanta. Kullum da yamma hadari ya haɗu, mu fito mu tsaya muna kallo, sai wata iska mai zafi ta taso ta watsa shi, ta bar mu da yashi a baki. Maza suka fita roƙon ruwa da rigunansu a juye, suka dawo, suka sake fita. Rijiyar unguwa ta koma sai an jira ta tara. Ni da Inna muka gwada ɗiban ruwa a tulu muna bin tsiron da ludayi, Baba ya ce mu bari, wannan wahalar banza ce. Muna ji muna gani ya yi ja, ya bushe, iska ta kwashe shi.

A lokacin shamuwoyi sun ƙyanƙyashe. A nan ne na san tsuntsu ma yana shiga uku. Fadamar da suke zuwa ta tsattsage, babu kwaɗo, babu fara tun da babu ciyawa. Da sassafe ɗaya zai tashi ya yi nisa, sai rana ta take ya dawo, wani lokaci da ɗan ƙadangare, wani lokaci haka nan. Wanda ya zauna kuma ya juya wa rana baya, ya buɗe fukafukai ya yi wa 'ya'yan inuwa, bakinsa a hangame yana haki. Haka zai tsaya har la'asar ko motsi babu. Ina daka dusa ina kallon su ta saman danga, su ma ina jin suna kallona.

Sai 'ya'yan suka fara faɗowa. Da safe in na fita shara sai in tarar da su a ƙarƙashin tsamiya, 'yan tsirara, ciki ya fi kai girma, tururuwa ta riga ta lulluɓe su. Yau ɗaya, gobe biyu. Wurin da maza ke zaman hira ya koma wari, aka daina shimfiɗa tabarma.

Wata rana maigidana ya dawo daga Ajingi. Itace ya kai a kai, ya samo ɗan garin rogo da bai cika kwano ba. Ya tsaya a ƙarƙashin tsamiya, wata shamuwa ta saki kashi ya sauka a kafaɗarsa. Ina leƙe ta ƙofar zaure na ga ya sunkuya ya ɗauki hoge.

Baba ya ce, "Ajiye."

"Baba, ita ta cuce mu."

"Ta cuce ka? Dubi ƙasan bishiyar nan da kyau. Ita ma binne ta yi, ga nata nan zube." Sannan ya ce a hankali, "Ba ta san komai ba, Isiya. Ashe ita ma zato take yi, kamar ni."

Maigidana ya saki hogen. Ni kuwa na koma ciki da sauri, don ban taɓa jin muryar Baba haka ba, kuma ban so ya san na ji.

Ba a jima ba suka tafi. Wata safiya na ga sun tashi gaba ɗaya, suna shawagi irin na kaka, alhali ko damina ba ta fara ba. Suka yi ta hawa har suka zama ɗigo-ɗigo. Wasu sheƙun da sauran ƙwai a ciki. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Inna lillahi. Ni dai tun da uwata ta haife ni ban taɓa ganin haka ba."

Washegari Baba ya ce mu ɗauko rariya da faifai. Tun da gonar jigawa ba ta ga ruwa ba, irin yana nan a ƙasa bai tsiro ba, sai dai tururuwa da ɓeraye da kurciyoyi suna ta aikinsu. Ya ce gara mu ƙwato abin da ya rage, ko na riƙe iri ne. Kai, aikin nan! Iska ta shafe sawunmu, sai mu durƙusa mu yi ta lalube inda muke zaton rami ne, mu ɗebi yashi mu tankaɗe. Rami goma ba ka samu ƙwaya ba, na gaba ka samu uku. Gwiwoyina suka saɓule. Masu wucewa su tsaya su kalle mu, su ce sannunku, su wuce, ba mai dariya. Muka yi kwana da kwanaki a haka. Abin da muka tara duka, bayan Inna ta bakace, ƙoƙo ɗaya ne, shi ma bai cika ba. Baba ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Alhamdu lillahi. Wannan ya isa ya riƙe mana iri." Ya rufe da faifai ya kai ɗakinsa.

To, a kwanakin nan ne jikin Uwani ya saki. Cikinta ya ƙi yaɗiya, garin rogo kuma gudawa yake sa ta. Abin da aka ba ta duk sai ya dawo. Ta daina tafiya, ta daina kuka mai ƙarfi, wuyanta ya koma kamar mariƙin ludayi. Inna ta zaga gidaje neman ko tafi ɗaya na gero, kowa ya nuna mata rumbunsa wayam. Duk mun san abin da yarinyar take bukata, ɗan kunu ne mai ɗumi, kuma duk mun san inda gero yake.

Ni ba ni da bakin magana. A wajenmu mace ba ta nuna 'yar fari a gaban surukai. Ba ta kiran sunanta, ba ta rungumar ta a gaban mutane, in ta yi kuka ma sai ta yi kamar ba tata ba ce. Ina zan iya buɗe baki in ce wa Baba ya ba da irin kakansa saboda 'yata? Sai dai in zaga bayan ɗaki in cusa zane a baki in yi kukana, in wanke fuska in fito. In na wuce ƙofar ɗakinsa sai in kau da kai, don kada idona ya tona ni.

Baba ya saba kullum da safe ya ɗauke ta ya ce, "Uwata, yau me kika dafa mini?" ita kuma ta kama gemunsa ta ja. Ran nan ya ɗauke ta daga cinyar Inna ya faɗa, ba ta ko ɗaga hannu ba. Ya sake faɗa. Ya kai gemun har tafin hannunta, yatsun ba su rufe ba. Ya mayar wa Inna ita, ya shiga ɗaki. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ƙoƙon na hannunsa.

Ya ce, "Ungo. A dama wa uwata kunu."

Inna ta ce, "Malam, shi ke nan fa. Babu wani."

"Na sani."

"Na kakanka ne."

"Na ce na sani. Ba wa Hajara ta niƙa."

Hajara ni ce. Na durƙusa na karɓa. Wallahi murna na yi, murnar da ban taɓa yin irinta ba, kuma a lokaci guda tausayin tsohon nan ya kama ni. Ko surfe ban yi ba, don kada dusa ta rage shi. Na niƙa a dutse, yashi na ƙaras-ƙaras a ciki, na jiƙa tsamiya na dama. Inna ta ɗura mata da ƙaramin ludayi. Ya zauna. Muka riƙa ɗiban kaɗan-kaɗan kullum, ba wanda ya lasa ko ludayin, har ranar da ta miƙa hannu ta kama gemun Baba. Ƙoƙon ya ƙare, ita ta tashi. Mai gashi kuwa ƙarshensa ke nan. Na neme shi a kasuwar Ajingi da ta Gaya shekara da shekaru, in na kwatanta sai a ce an dai taɓa ji.

Ban daɗe da wanke ƙoƙon na kife ba ruwa ya zo. Ruwa na gaske, tun azahar har magariba, kwata na gudu, rufin ɗakina na yoyo. Da gari ya waye ƙasa ta sha ta ƙoshi, ƙamshinta ya cika ko'ina. Duk ƙauye aka fita, masu ɗan abin da suka ɓoye da waɗanda dangi suka taimaka wa. Maigidana ya ari keke tun da asuba ya tafi Ajingi wajen kawunsa, ko za a dace da iri kowane iri ne.

Baba ya saɓa sungumi ya ce mu tafi, ya fara sara kafin maigidana ya dawo, don kada danshi ya wuce mu. Muka bi shi da ƙoƙunanmu. Shi kaɗai yake sara, layi bayan layi, mu muna tsaye a bakin gona. A irin wannan rana da shamuwoyi sun cika bayansa suna tsince-tsince, amma ran nan babu ko ɗaya, kwaɗi na ta kuka a fadama ba mai taɓa su. In ya kai ƙarshen layi sai ya ɗago ya dubi hanya ya ce, "Yanzu za ku gan shi." Rana ta ɗaga. Ramukan farko suka fara bushewa daga baki. Maƙwabta a gonakinsu suna ɗago mana hannu suna cewa barka da ruwa, muna amsawa.

Sai bayan azahar muka hango maigidana. Turo keken yake yi, bai hau ba. Buhun da ya tafi da shi yana naɗe a bayan keken, a ninke yadda ya tafi. Baba ya gani, mu ma mun gani. Bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen layin da yake kai. Sannan ya jingina da sungumin, ya dubi gonar maƙwabta, ya dube mu.

Ya ce da Inna, murya ƙasa-ƙasa, "Ku bi ku rufe. Kada mutane su ga gonar gidan nan a buɗe."

Muka shiga layi, Inna a gaba ina biye. Mu sa hannu a ƙoƙo, mu sunkuyar da shi kan rami, mu rufe da dunduniya. Wani daga gonar gefe ya ɗaga murya ya ce, "Allah ya ba da amfani, Malam!" Baba ya ce amin. Haka muka rufe gonar nan kaf, har rana ta faɗi, ba ƙwaya ɗaya a cikinta.